Guntun kan jirgin da ba ya barin tasha, da yadda ake ɗaukar hotonsa

Wani ƙanena ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya raka baƙo tashar jirgin ƙasa, suna zaune suna jira, sai idonsa ya kai kan wani guntun kan jirgi can gefe yana ta kai da komo: ya turo tarago biyu ya ajiye, ya ja da baya, ya shiga wani layin ya ɗauko ɗaya. Har suka bar tashar bai ga ya kama hanya ba. Yana son ya san mene ne wannan, me ya raba shi da babban kan da ke jan fasinja, kuma tunda ya fara sha'awar ɗaukar hoton jiragen ƙasa, ta ina zai soma.

To ƙanena, abin da ka gani injin shantin ne, kuma tambayoyinka biyu amsarsu a wuri ɗaya take, domin in da ni ne kai, da shi zan fara koyon hoto.

Kafin ka gane injin, sai ka gane aikin. A kan dogo tarago ba ya wuce tarago. Direban tirela in yana son ya fitar da motarsa daga tsakiyar layi, sai ya murɗa sitiyari ya fice. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, inda dogo ya nufa nan ya nufa. Ka ɗauka jirgin kaya ya taso daga Legas da tarago ashirin, waɗansu na Kaduna ne, waɗansu na Kano, uku za su bi reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau zuwa Ƙaura Namoda, biyu kuma sai Nguru. In taragon da ake son a sauke shi ne na bakwai, dole a kwance daga bayansa, a ja guda bakwai ɗin gaba har su wuce mararrabar dogo, a juya ƙarfen mararrabar, a tura na bakwai cikin layin ajiya, a sake shi, a koma da sauran shidan a ɗaura su da ragowar jirgin. Tarago ɗaya ke nan. Ka lissafa wannan sau ɗari a rana a babbar tasha, irin yadda Kano take a zamanin da ake lodin gyaɗa da fatu da auduga, za ka ga dalilin da ya sa aka ware wa aikin injinsa na musamman. Wannan rarrabawa da harhaɗawa ita ma'aikatan reluwe ke kira shantin.

Yanzu ga injin kansa. Mutane da yawa in sun gan shi ƙarami sai su zaci yaro ne a cikin injuna, ko tsohon da aka yi wa ritaya. Ba haka ba ne, an ƙera shi ne a kan wata dabara dabam. Ƙarfin inji kashi biyu yake rabuwa: ja da gudu. In ka ba gudu kaso mai yawa, ja ya ragu. In ka haƙura da gudu, sai ja ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san wannan a cinyarsa. Babban kan jirgi yana bukatar ƙarfin doki dubu biyu, dubu uku ko fiye, saboda zai riƙe kaya masu nauyi a guje na tsawon sa'o'i. Injin shantin ba ruwansa da gudu. Bukatarsa ita ce ya tayar da jerin tarago daga tsaye, ya lallaɓa da su, ya tsayar da su daidai inda ake so, ya maimaita haka har gari ya waye.

Bari in ba ka misali da wanda ya fi kowanne suna, wato injin Ingila da ake kira Class 08. An ƙera guda 996 tsakanin 1952 da 1962. Injin dizal ɗinsa na kamfanin English Electric ƙarfin doki 350 ne kacal, akwai manyan motocin ɗaukar kaya a hanyar Kano zuwa Kaduna da suka fi shi. Iyakar gudun yawancinsu mil 15 a awa, kimanin kilomita 24, mai keke mai zafin nama zai iya jerawa da shi. Amma nauyinsa ya kusa tan 50, kuma ƙarfin fizgarsa daga tsaye ya kai kimanin tan 16. Ga lissafin da ke sa abin ya yiwu. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da turjiya sosai: a shimfiɗaɗɗen wuri, kilo biyu zuwa uku na ja ya isa ya ci gaba da gangarar da kowane tan ɗaya, muddin ya riga ya motsa. Ke nan tarago masu nauyin tan dubu suna bukatar ja na tan uku ko ƙasa da haka. In ka ja wannan a gudun kilomita goma a awa, ƙarfin doki ɗari da 'yan kai ka kashe. Wahalar tana wurin tayarwa, kuma a nan ne nauyin injin ke aiki.

Nauyin nan da gangan aka sa shi. Inda ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi faɗin kwabo ba, ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma abin da injin zai iya ja kafin ƙafarsa ta fara sulɓi bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin da ke danne ƙafafun masu juyawa ba. Shi ya sa ba a ba injin shantin ƙafar da ba ta aiki. Class 08 ƙafa shida gare shi, an haɗe su da sandar ƙarfe ta waje irin ta injin tururi, duka suna juyawa tare, ba wadda za ta zame ta bar 'yan'uwanta. In dogo ya jiƙe da ruwan sama ko mai ya zuba a kai, akwai akwatin yashi da ke tsiyayar da shi gaban ƙafa. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita uku da rabi ce kawai, don ya iya shiga kwana mai tsanani ta cikin masana'anta ko tashar jirgin ruwa, inda dogon inji zai iya sauka daga layi. Ɗakin direba kuwa an buɗe masa tagogi ta yadda zai ga gaba da baya, tunda rabin aikinsa da baya yake yi. A waɗansu ƙasashe ma a tsakiya ake ɗora ɗakin, a ɗaga shi sama da murfin inji.

Wani abin da ya kamata mai sha'awar jirgi ya sani shi ne, a filin shantin dizal ya fara kayar da tururi, ba a kan babbar hanya ba. Injin tururi ko yana tsaye sai an riƙa ciyar da wutarsa da kwal, ga hayaƙi, ga mutum biyu a kai, alhali aikin shantin rabinsa jira ne. Jihar New York ta kafa doka a 1923 ta hana injin tururi aiki a cikin birnin New York, sai ga shi a 1925 kamfanin Central Railroad of New Jersey ya sayi wani inji mai kama da akwati, lamba 1000, ƙarfin doki 300, ya sa shi shantin a wani matsattsen fili a unguwar Bronx. Shi ake lissafawa a matsayin injin dizal mai juya ƙafa da lantarki na farko da ya yi kasuwa a Amurka, kuma yana nan a ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na Baltimore. Wannan tsari, dizal ya juya janareto, janareto ya ba injinan lantarki da ke ƙafafu wuta, shi ne har gobe a cikin yawancin manyan kawunan jirgi, kuma ya dace da shantin saboda injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, ba kuloci, ba canjin giya.

Akwai ma wanda nauyinsa labari ne. A 1937 kamfanonin jirgin Amurka da ƙungiyar ma'aikata suka yi yarjejeniya cewa duk injin da ya kai nauyin laba 90,000, wato tan 45 a ma'auninsu, sai an sa masa mutum na biyu bayan direba. Sai kamfanin General Electric ya fito da inji mai tan 44 daidai a 1940. In ka ga hotonsa, ɗan ƙarami mai ɗaki a tsakiya da hanci biyu, ka san rigimar albashi ce ta yanke masa girma.

A manyan filaye kuwa ba a tsayawa kai da komo. Tudu ake ginawa. Injin ya riƙa tura jerin tarago a hankali, da tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba, har kan tudun. A can a kwance su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya gangara da kansa, ana juya masa mararraba zuwa layin garin da zai je, waɗansu ƙarafa a gefen dogo suna matse ƙafarsa don rage masa gudu. Mafi girman irin wannan fili a duniya shi ne Bailey Yard a garin North Platte na jihar Nebraska a Amurka, tsawonsa ya kai kilomita 13. A filin Tinsley kusa da Sheffield a Ingila, da aka ga Class 08 guda ɗaya ba zai iya turawa ba, dogon inji kuma cikinsa zai iya dukan ƙolin tudun, sai a 1965 aka haɗa su bibbiyu, aka cire wa ɗaya ɗakin direba, aka ƙara musu nauyi. Tagwaye uku kawai aka yi.

Duk wannan ƙarfe ne. Ran aikin yana wurin mutumin da ke ƙasa, mai tuta da usur, wanda ke shiga tsakanin tarago ya ɗaura ko ya kwance. Direba sau da yawa ba ya ganin ƙarshen abin da yake turawa, da hannun wannan mutumin yake gani. A tarihin reluwe babu aikin da ya ci yatsu da rayuka kamar wannan. A Amurka ta da, da hannu ake riƙe zoben ƙarfe a saita shi yayin da tarago ke tahowa, sai da Eli Janney ya yi rajistar maɗaurin da ke kama kansa a 1873, gwamnati kuma ta tilasta amfani da irinsa da dokar 1893. Na faɗi wannan ne don ka san wurin da kake shirin shiga da kyamara.

Injinan nan suna raguwa a ko'ina, kuma dalilin a fili yake. Kayan da a da ake aikawa tarago ɗaya-ɗaya sun koma kan tirela, abin da ya rage wa jirgi yawanci kaya iri ɗaya ne daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, kwantena ko siminti ko mai, ba sai an rarraba ba. A ƙananan tashoshi babban kan da ya jawo jirgin shi ke yin ɗan shantin ɗinsa. Saboda haka in ka ga na ainihi yana aiki, ka ga abin da ba lalle ɗanka ya gani ba.

Mu zo kan hoto. Sha'awar nan tsohuwa ce. A Ingila wani matashin akawun reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafin lambobin injuna a 1942, yara suka riƙa cika bakin tashoshi suna soke lambar duk wanda suka gani. A Amurka wani mai hoto, O. Winston Link, ya shafe 1955 zuwa 1960 yana ɗaukar injinan tururi na ƙarshe na layin Norfolk and Western, galibi da dare, da ɗimbin fitilu da ya jera da hannunsa. Abin da ya sa hotunansa suka rayu shi ne bai ɗauki ƙarfe shi kaɗai ba, ya ɗauki jirgi yana ratsa rayuwar mutane. Mu kuma a nan, jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kai Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, kuma yau ka tambayi matasan garuruwan da ya ratsa, da yawa ba su san an taɓa yin sa ba. Hotunan dalar gyaɗa da ake ta yawo da su a Facebook suna da kyau, amma ni kullum abin da nake nema a cikinsu shi ne injin da ya jera taragon a gindin dalar da mutumin da ya ɗaga masa tuta, kuma da wuya in same su. Wannan giɓin ne nake so irinku su hana shi sake faruwa.

Dalilin da ya sa na ce ka fara da shantin: jirgin fasinja sau ɗaya zai wuce ka, cikin daƙiƙa goma ya tafi, in ka kuskure sai gobe. Injin shantin zai wuce gabanka sau goma a awa ɗaya, a hankali, ta hanya ɗaya. Ka ɗauka, ka duba, ka gyara tsayuwa, ya dawo. Babu makarantar da ta fi wannan.

Haske ne farko. Rana ta kasance a bayanka ko a kafaɗarka, tana dukan fuskar injin da gefensa tare. In layi ya miƙe kudu da arewa, da safe ka tsaya ta gabas, da la'asar ta yamma. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku ka ajiye kyamara, domin rana tana tsaka, rufin injin ya yi fari fat, ƙafafu da sandunan da su ne abin kallo su nutse cikin baƙar inuwa. Hazon hunturu mutane suna ƙinsa, ni ina son sa: yana tausasa haske, yana shafe tarkacen da ke bayan fili, fitilar injin ta fito daga cikinsa kamar garwashi. Sai dai ƙurar tana cin kyamara, kada ka kwance gilashi a waje a wannan lokacin. Bayan ruwan sama kuwa, dogo yana sheƙi, ciyawa ta yi kore, launin injin ya wanku.

Tsayuwar da aka saba ita ce ka kasance gaba kaɗan kuma gefe, yadda za a ga fuska da tsawon jiki a hoto ɗaya. Ka bar wa injin fili a gabansa ta inda ya nufa, kada hancinsa ya dunguri bakin hoto. Ka duba bayansa kafin ka danna, kada turken lantarki ya tsiro masa a ka. In ka durƙusa, ƙaramin inji zai yi kwarjini. Game da saurin ƙiftawar kyamara, ga mai shantin 1/250 na daƙiƙa ya wadatar, ga jirgin da ke gudu kada ka sauka ƙasa da 1/500, 1/1000 ya fi. In hannunka ya faɗa, gwada akasin haka: ka sauke zuwa 1/30, ka bi injin da kyamara daidai da tafiyarsa kana dannawa, shi ya fito tsaf, bayansa ya zama jirwaye, sandar ƙafafu ta nuna motsi. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi. Waya ma tana yi. Ka goge gilashinta, ka taɓa jikin injin a allo don ta saita haske a kansa, ka riƙe maɓalli ta ɗauki da yawa a jere, kuma ka guji zuƙowa da yatsa fiye da kima, hoton dagargajewa yake yi.

Bayan ka samu hoton injin gaba ɗaya, sai ka nemi abin da ba kowa ke gani ba: lambar da ke gefen ɗaki, farantin kamfanin da ya ƙera shi da shekarar ƙira, bakin bututun yashi, hannun mai juya mararraba a kan ƙarfen da ya sha riƙo har ya yi santsi, direba ya leƙo da rabin jikinsa ta taga yana kallon baya. Waɗannan su ne za su yi daraja nan da shekara talatin.

Yanzu ga abin da ya fi duk wanda na faɗa nauyi. Filin shantin ya fi babbar hanya haɗari, saboda tafiyar hawainiyar da ake yi a ciki tana sa mutum ya saki jiki. Taragon da aka saka ya gangara ba shi da inji, ba oda, ba fitila. Na taɓa durƙusawa a wata tasha, shekarun baya, ina saita kyamara a kan injin da ke can nesa gabana, na ba wani layi baya don na ga babu komai a kansa. Ban ji komai ba sai tsawar wani dattijo mai tuta: "Kai! Tashi!" Na yi tsalle gefe, sai ga tarago ya wuce ta inda jakata take, shiru, sai ɗan kukan ƙarfe kamar ana wasa wuƙa. Dattijon ya zo ya tsaya a kaina, hannunsa na rawa, ya ce, "Ɗana, a nan wurin ido ɗaya na aiki ne, ɗayan na rai." Tun ranar ban sake sa ƙafa tsakanin dogo biyu don hoto ba. Kada ka tsaya a kan layi ko da ka ga tsatsa a kansa. Kada ka ratsa ta ƙarƙashin tarago ko tsakanin biyu da ke tsaye kusa da juna. Jikin jirgi ya fi dogonsa faɗi sosai, ka ba shi mita uku ko fiye. Gilashi mai zuƙowa yana ruɗin ido, abin da ke tahowa kanka da gudu sai ka gan shi kamar yana tafiyar hawainiya. Jirgin kaya mai nauyi in yana gudu zai iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko direba ya gan ka ba abin da zai iya yi. Kada ka haska filasha a idon direba da dare, kuma kada ka riƙa kaɗa jan ƙyalle ko jar fitila kusa da layi, a harshen reluwe wannan umarnin tsayawa ne.

Sannan izini. Fili na hukumar jirgi ne, ba hanyar wucewa ba, kuma tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, duk wanda aka gani da kyamara kusa da layi ana dubansa da ido biyu, kuma masu tsaron suna da hujja. Ka tafi ofishin shugaban tasha da katin shaidarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi ko kai wane ne, ka nuna masa irin hotunan da kake ɗauka. In ya ce daga dakalin fasinja kawai, to daga nan. In ya ce a'a, ka yi godiya ka tafi, akwai gadoji da mararrabar mota inda ake ganin layi daga wurin da kowa ke da ikon tsayawa. Kada ka ɗauki jami'an tsaro ko wurin da suke zama, kada ka tashi jirgi maras matuƙi, kuma kada ka sa hoto a intanet a daidai lokacin da jirgin ke kan hanya.

Duk hoton da ka ɗauka, a ranar ka rubuta masa abu huɗu: lambar injin, tasha, kwanan wata, da aikin da yake yi. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, waya tana faɗawa ruwa. In ma'aikaci ya yarda ka ɗauke shi, ka wanke hoton a kati ka kai masa da hannunka a zuwanka na gaba. A nan ne za ka samu damar tambayarsa ranakun da jirgin kaya ke shigowa da lokacin da suke fara shantin, don ka zo rana tana inda kake so.